Dutsen da Ya Cinye Tanderu

Mun tsallaka iyaka ta wajen Nikki a bayan motar doya, ni da Tanko, kowa zaune a kan buhunansa biyu. Lokacin ba a daɗe da sauya wa ƙasar suna daga Dahome zuwa Binin ba. Soja ke mulki, jan tauraro a jikin kowane bango, kuma kowa ya zama kamarad, wato abokin gwagwarmaya, daga mai tsaron shinge har mai tuyar ƙosai.

Tanko ɗan kawuna ne, wato taubashina, kuma tare muka yi wankin kuza a Bukuru har aikin ya soma mutuwa. Ya girme ni da shekara biyu, amma ni ne bakin tafiyar. Ina jin Ingilishin wajen haƙar ma'adinai, ina jin Yarbanci, na kuma tsinci Faransanci a shekarun da na yi ina bin motocin gyaɗa tsakanin Maraɗi da Damagaram. Tanko Hausa kaɗai yake ji, ita ma ba ya ɓarnar ta.

Dutse ne a cikin buhunan. Mun same shi a wani tsohon rami da Turawa suka bari, jijiya guda a jikin fa. Wani kore ne shar kamar kwalba, wani shunayya, kana ɗaga shi ka hangi rana ta cikinsa. Mafi yawansa kuwa toka-toka ne, cakuɗe da farar tsakuwa, ba abin kallo. Wani direba ya ce mana a Kwatano ana sayen duwatsun ado, masu jiragen ruwa ke kwasa. Ranar rabo ni na raba. Na zauna na tsince masu hasken nan ɗaya bayan ɗaya na cika buhuna biyu, na tura masa sauran da ƙafa.

"Bawana, naka ya fi nauyi," na ce. "Ka ga na fifita ka."

"Na gani, ubangidan ƙarya," in ji shi. "Allah ya kawo maka mai saye."

Ya ɗaure bakin buhunsa.

A shingen iyaka wani ma'aikaci ya kwance buhun Tanko, ya leƙa, ya kira abokansa su zo su ga mutumin da ya ɗauko tsakuwa ya kawo ƙasar da ke da tsakuwarta. Suka yi dariya har da riƙe ciki. Da ya buɗe nawa sai dariyar ta tsaya. Ya zaɓi mafi girma, kore mai kusurwa huɗu, ya sa a aljihu ya ce na matarsa ne. An cuce ni, amma har muka isa Paraku ina murmushi. Ɓarawo ma nawa ya zaɓa.

A Paraku muka kwana biyu a rumfar tasha muna jiran jirgin ƙasa. Wani mai hular kwano ya sayar mana da tikiti, ashe na jirgin jiya ne. Da mai duba tikiti ya zo zai sauke mu, wata tsohuwa 'yar ƙasar mai kwandon cuku ta tashi ta yi masa faɗa da harshensu, ta nuna buhunanmu, ta nuna ƙafafunmu, har ya gaji ya wuce. Ba mu san abin da ta ce ba. Ta yanka mana cuku da wuƙarta, ta sauka a Save ba ta ko waiwaya ba. Na hau jiragen ƙasa da dama bayan wannan, na Kano zuwa Ikko, na Sudan mai tafiya kamar jaki mai ciki, na Gana. Ban taɓa hawan wanda mutane da awaki da doya suka yi zaman lafiya a kujera ɗaya kamar wannan ba.

Kwatano ta tarbe mu da iska mai nauyi. Gari ne a kan rairayi, kana tafiya ƙafarka na nutsewa, rigarka na manne maka ko ba ka yi aikin komai ba. Muka tambayi Zango, aka nuna mana, ba nisa da tashar. A can muka sauka gidan Alhaji Ɗanjuma, fatoma ne na masu shanu. Al'adar ita ce baƙo ya ajiye kayansa a ɗakin ajiyar maigida, maigida ya ba shi tabarma da tuwo, ya nema masa mai saye, in an yi ciniki a ba shi la'adarsa. Alhaji ya saba da shanu da goro da fata. Ya ɗauki dutsena ya juya shi, ya ce, "To, wannan saniyar ba ta cin ciyawa, ba ta mutuwa a hanya. Mu gani."

Ya kai ni wajen wani tsoho Banufe mai gyaran tsakiya, wato duwatsun wuya na mata, a bayan masallaci. Tsohon ya karɓi mafi kyawun abin da na kawo, ya ciro 'yar wuƙar yankan farce ya ja a kai. Wuƙa ta bar zane. Ya ɗora tsinken huji ya murza sau uku, dutse ya tsage gida huɗu, kowane ɓari sumul kamar an yanka da reza. Ya gwada na biyu, haka. Na uku, haka.

"Ɗana, wannan ba ya ɗaukar zare," ya ce. "Kyan banza ne. Mace ta sa shi a wuya, ranar da ta buga shi da bakin tulu ya ƙare."

Na ce a gwada a kasuwar Tokpa. Na yi mako biyu ina zagaya rumfunan masu murjani da Yarbancina. Kowace ta ɗaga ta yaba, ta ja ƙusa a kai, ta miƙo mini. A bakin tashar jiragen ruwa ko ƙofa ba a bar ni na shiga ba, don ba ni da karti. Karti shi ne katin shaidar aiki, kuma a shekarun nan baƙon da ba shi da shi kullum yana cikin zullumi. In aka yi shara sai a cika mota da irinmu a kai iyaka.

Kwanakin nan ne na san kewar gida. Tuwon gidan Alhaji na masara ne mai tsami, miyar manja da busasshen kifi. Na yi mafarkin fura da nono har sau nawa. Hausar Zango ma sai da na saba da ita: kuɗi sefa ne, ofis biro, makaranta lakwal, asibiti lopital. Ina sa rigata mai aiki in tafi kasuwar Misebo in tsaya kusa da 'yan gwanjo, in wani Bahaushe ya rasa bakin magana da Bayarabe ko ma'aikaci in shiga tsakani, a saya mini abincin rana. Nan aka sa mini suna Tafinta, sunan da ya bi ni har yau. Tanko kuwa tun rana ta uku ya karɓi kura yana tura tsofaffin ƙarafa. Akwai wata 'yar masana'anta ta gwamnati a hayin gada, wajen Akpakpa, inda ake narka tarkacen motoci da na jiragen ruwa a zuba haƙoran injin niƙa da bakin garma. Can yake kai kaya sau biyu a rana.

"Ɗan kawuna ya zama jaki," nake ce masa da yamma.

"Jaki ya ci abinci da guminsa," yake cewa. "Kai fa, yau bakin wa ka ara?"

Kurar ba ta da birki, kuma ƙofar masana'antar gangare ce. Sai Tanko ya riƙa ɗaukar dunƙule guda daga buhunsa yana tare taya da shi. Iyakar amfanin da ya samar wa kayansa ke nan. Wata rana da hantsi sai ga shi Misebo yana haki, ya ce in zo, wani Bature ya ɗauke masa dutsen taya ya ƙi ba shi, yana ta magana.

Baturen shi ne injiniyan wurin, mutumin gabashin Turai, ƙato mai jan wuya, Faransancinsa bai fi nawa ba. Na same shi ya fasa dutsen da guduma. Ya ja mu wani ɗaki mai duhu, ya barbaɗa garin a kan farantin ƙarfe mai zafi. Garin ya yi ta fashewa kamar gugguru, sai ga wani ɗan haske kore-kore yana tashi daga cikinsa. Injiniya ya buga cinyarsa. Ya ce sunan dutsen fulorin da Faransanci, daga baya na ji masu Ingilishi na ce masa fulospa. Wata uku ke nan nasu ya ƙare, ta jirgin ruwa ake kawo shi a durom, kuma har yanzu ba labari.

Ya kai mu gaban tanderun. Tukunya ce ta ƙarfe, tsayinta ya fi mutum, an jera mata bulo na musamman ta ciki, wutar lantarki ke narka abin da aka zuba. Ya ba mu baƙin gilashi muka leƙa. Ya ce in an narka tarkace ana zuba farar ƙasa ta tattara dattin, dattin ya taso sama ya zama kashin ƙarfe. To amma farar ƙasa ita kaɗai kauri take yi, ta dunƙule kamar tuwon da ya kwana, ba ta shan dattin sosai, ba ta kuma kwashewa. Ƙarfen sai ya fito da gautsi, bakin garma ya karye a gonar farko. Ya ɗebi rabin shebur na dakakken dutsen Tanko ya watsa. Ba a daɗe ba dunƙulen nan ya saki, ya kwanta, ya soma malala kamar kunu. Ma'aikata suka yi shewa.

Tanko ya daɗe yana leƙe. Sannan ya ce, "Ce masa na gane. Kanwa ce. Ka jefa kaɗan, wake ya nuna da wuri. Ka cika ta, ta ɓata girki ta ɓata cikin mai ci."

Na juya maganar, amma na ce ni na lura da haka. Injiniya bai san kanwa ba. Shugaban leburori, wani Bafone mai suna Kojo, shi ya sani, ya yi dariya ya yi masa bayani. Injiniya ya ce daidai ne, rabin shebur, kada a wuce. Ya dafa kafaɗar Tanko. Ban san yadda aka yi ya gane maganar ba tawa ba ce.

Washegari na kawo masa nawa. Na zuba masu hasken a kan teburinsa kamar mai tallan zinariya. Ya ɗaga guda ya yaba, ya ce wannan tsantsa ne, ya fi ƙarfin aikinsu, asara ce a ƙona shi a nan, na Tanko ya ishe su. Ya ce yana da gurbin mutum ɗaya, mai daka dutse ya kula da kashin ƙarfe, in ya ƙare ya je ya kawo wani. Za a gwada shi wata biyu, in ya yi a yanka masa karti. Ya nuna Tanko. Ni kuma, in ba damuwa, in riƙa zuwa ina juya magana, za a ba ni abincin rana.

Na yi yawo a duniya, na ga masu arziki iri-iri, a Kumasi, a Umdurman, a Jidda. Ban taɓa jin ƙyashin ɗayansu ba, don ban san su suna wankin kuza da ƙwarya ba. Hassada ba ta tafiya nesa, a tabarma ɗaya take kwana da kai. Aka ba Tanko shuɗiyar rigar aiki da takalmi mai ƙarfe a baki. Da yamma sai ya wanke rigar ya shanya a igiyar tsakar gida, ni kuwa in bi ta wata hanya don kada in gan ta. Alhaji Ɗanjuma ya soma ce masa Malam Tanko. Akushinsa ya soma zuwa da tsoka biyu. Masu shanu suna zama su tambaye shi yadda ƙarfe ke zama ruwa, shi kuma ya ce, "Sai dai ku tambayi Tafinta, shi ya iya faɗa." Wannan ya fi komai ƙona ni. Ko yabon da ya miƙo mini ji nake kamar sadaka.

Kuma ya iya aikin, abin da ya fi ciwo ke nan. Idon da ya saba rarrabe kuza da baƙin yashi a cikin ƙwarya shi ya kawo gaban wuta. Zai tsoma sandar ƙarfe ya zaro, ya dubi yadda kashin ya manne, ya san ko a ƙara 'yar ƙanƙanuwa ko a bari. Wata rana ma ba ya zuba rabin, sulusi ya ishe shi. Shi da Injiniya suka koma magana da hannu da gira. Sai in tsaya a gefe da harsuna huɗu a bakina, ba mai neman ko ɗaya.

Ana cikin wata na biyu aka kira Injiniya arewa duba wasu injuna, ya ce zai yi kwana goma. Kwana ɗaya da tafiyarsa zazzaɓin bakin teku ya kayar da Tanko. Yana rawar ɗari a ƙarƙashin barguna biyu ya kama hannuna.

"Ka riƙe mini wurin, Garba. Rabin shebur. In ka ga ya yi kauri ka jira, kada ka yi sauri."

"Kwanta, bawa. Abin da jaki ya iya ne zai gagare ni?"

Na sa rigarsa, ta yi mini yawa a kafaɗa. Na ɗauki buhuna na farko a kurar wani na kai.

Ban manta da zancen kanwa ba, ni na juya shi. Amma ni a zuciya ɗan kasuwa ne. Abin da na sani tun ina ƙarami shi ne, in kana son janye mai saye daga rumfar maƙwabcinka, ka cika mudu ya yi tozo, sannan ka ƙara gyara. Haka na yi wa tanderu. Na ce a raina dattin dutsen Tanko ne ke sa a yi masa awo, nawa tsantsa ne, Bature da bakinsa ya faɗa, abu mai kyau kuwa ba ya yawa. Ban tsaya na yi tunanin cewa in tsantsa ne to ko rabin ma ya yi yawa ba. Na daka koren nan da shunayyar nan da na ɗauko tun daga Bukuru, na watsa shebur guda, na ƙara na biyu, na ce ga gyara na ƙara na uku.

Kashin ƙarfe ya tsinke kamar ruwan rafi. Aikin da kan kai magariba aka gama shi da sauran rana. Kojo ya dube ni ya dubi agogo, ya ce, "Kamarad Tafinta, ashe kai ne malamin." Leburori suka tafi gida da wuri suna ɗaga mini hannu. Wani hayaƙi mai yaji yana tashi yana sa mu tari da hawaye, ban kula ba. Kwana takwas ina haka. Buhu na farko ya ƙare, na kawo na biyu. Kullum na koma gida Tanko ya tambaye ni, in ce lafiya lau, rabin shebur. A raina ina shirya yadda Kojo zai ba Injiniya labari, da yadda za a ce to ai ga wanda ya fi.

Tanko ya miƙe ranar da ta cika tara, ya karɓi rigarsa. Injiniya ya dawo washegari. Ana tsakiyar narki sai wani lebura ya yi ihu yana nuna gefen tanderun. Wani wuri kamar faɗin faifai ya yi ja a jikin ƙarfen waje. Injiniya ya kashe wuta da gudu, ya sa aka juye narkakken ƙarfen a ramin yashi, kowa ya ja baya. Da an ƙara minti kaɗan da ya huda ya zubo a ƙafafun mutane.

Kwana biyu ana jira ya huce. Ranar ta uku Injiniya ya shiga ciki da fitila, ya fito ya kira mu. Daidai inda kashin ƙarfe ke tsayawa, bulon ya cinye zagaye, rami guda kamar an yi da gizago, hannuna na shiga har wuyan hannu. Ya ce dutsen nan ba datti kaɗai yake narkawa ba, in ya yi yawa har bangon tukunyar yake ci. Bulon kuma ba a yin sa a ƙasar, sai an yi oda daga ƙetare.

Akwai wani mutum tsaye da littafi, daga kwamitin ma'aikata. Ya furta kalmar da kowa ke tsoro a lokacin, sabotaj, wato ɓarna da gangan ga dukiyar juyin juya hali. Wanda aka liƙa wa ita ba iyaka ake kai shi ba, ɗaki ake rufe shi. Na dubi Kojo. Kojo yana duban takalminsa. Shi ya bar ni na yi, shi ya tafa mini, kuma duk leburorin sun ci daɗin tashi da wuri. Ba mai son a tona.

Injiniya ya ce mini, "Tambaye shi, shebur nawa ake zubawa da ba na nan?"

Na juya wajen Tanko. Na ce, "Yana tambaya, wa ya damƙa wa amanar dutse?"

Tanko ya dafa ƙirjinsa. "Ni ya damƙa wa."

Na ce wa Injiniya, "Ya ce shi ne. Ya ce hannunsa ya yi nauyi."

Wuyan Injiniya ya ƙara ja. "Ban nuna masa rabi ba? Sau nawa?"

"Ya ce ransa ya ɓaci," na ce wa Tanko.

"Ai dole. Ce masa kwana takwas ina kwance. Kai kana nan, Garba, gaya masa yadda aka yi."

Na juya na ce, "Ya ce a yi masa afuwa, bai fahimci awon ba."

Injiniya ya daɗe yana kallon Tanko, Tanko na kallonsa. Na ji tsoro kada su koma maganarsu ta hannu da gira. Amma ran Baturen ya riga ya ɓaci, ya kawar da kai. Ya ce wa mai littafi ba sabotaj ba ne, bulon dama ya tsufa, kuma kuskure ne na wanda ba ya jin magana, laifinsa ne shi da ya ɗora mutum a aikin da ba zai iya yi masa bayani kai tsaye ba. Ya sa aka rubuta haka. Wannan alherin ya yi wa Tanko, ya hana a rufe shi. Sannan ya ce ba zai iya riƙe shi ba. Gurbin yana nan, kuma yanzu ya gane mai jin harshe yake bukata, wanda zai taya shi rubuta takardun neman bulo, in an gyara ya kula da dutse. Ya nuna ni.

Ranar Litinin aka yanka mini karti, da hotona da hatimi. Na sa shi a aljihun gaba. Da daddare ban iya cin tuwo ba, na ce wa Alhaji cikina ne.

Tanko ya ce gida zai koma, damina ta kusa, gonar kawu na jira. Ya ninke shuɗiyar rigar ya ajiye mini a kan tabarmata. Alhaji ya ba shi guzurin gari da ƙuli-ƙuli da tikitin jirgi, na gaske wannan karon, ya ce, "Malam Tanko, ƙofar nan a buɗe take." Na raka shi tasha da safe, ina riƙe da ƙunshinsa. Muka tsaya a bakin taragu, masu doya da masu kaji na ture mu. Sai na koma wasa.

"To bawa, ka gai da kawu. Ka ce masa ubangidanka ya zama ma'aikaci."

Bai rama ba. Ya karɓi ƙunshin ya rataya.

"Garba, ranar da na tashi daga ciwo na shiga ɗakin ajiyar Alhaji neman takalmina. Na ga nawa dutsen yadda na bar shi, ko dunƙule bai ragu ba. Na ga buhunanka a ninke."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa a gabansa?"

"Da wane baki? Bakina yana hannunka." Ya gyara rataya. "Kuma da na samu bakin, kai za a rufe. Ka ga in koma in ce wa gwaggo me?"

Gwaggon ita ce mahaifiyata.

Na ce, "Tanko, bari in je in gaya masa. Yanzu ma sai in je."

Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, irin kallon da yake wa sandar ƙarfe in ya zaro ta daga wuta.

"Ba za ka je ba," ya ce. "Riƙe kartinka. In bulo ya zo, rabin shebur."

Jirgi ya yi kuka. Tanko ya kama ƙarfen ƙofa ya haye da tsalle ɗaya, ƙunshi ɗaya a kafaɗa, ya samu wuri kusa da taga, har ya soma taya wata mata ɗaga kwandonta. Gaskiyarsa, ban je ba. Na tsaya a kan dandamalin da karti a aljihu ina kallon yadda ya zauna sakayau, ba abin da ya danne shi. Wallahi har wannan ma sai da na yi masa hassada.